Hujjar da aka kafa da shebur

Ɗan guntun tikiti ne ya ceci tsohuwar hanyar ruwan Stratford a Ingila. A 1958 majalisar gundumar Warwickshire ta nemi a soke ɓangaren kudu na hanyar, don tana son sake wata gada a ƙauyen Wilmcote ba tare da ta bar wa jirage mashiga a ƙarƙashi ba. Sharaɗin doka shi ne a nuna an yi shekara uku ba wanda ya bi ta. Majalisa ta ɗauka magana ta ƙare, tunda ruwan ya koma ciyawa da taɓo. Kwatsam masu kare hanyar suka fito da tikitin kuɗin wucewa da wasu masu kwale-kwale suka biya a cikin waɗannan shekarun. Nan buƙatar ta sha ƙasa.

Amma takarda ba ta kwashe laka. Daga 1961 zuwa 1964 wani mutum mai suna David Hutchings ya ja ragamar gyaran, da 'yan sa-kai, da sojoji, har da fursunoni da ake fito da su aiki. A 1964 mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta zo ta buɗe hanyar. Tun ranar da na san wannan labari na daina yarda da masu cewa tono tsofaffin hanyoyin ruwa aikin waɗanda suka rasa abin yi ne.

Ga wanda bai sani ba, waɗannan hanyoyi ba koguna ba ne, mutane ne suka haƙa su da diga da shebur. Ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, ta karya farashin kwal a Manchester da kusan rabi, domin doki ɗaya yana tafiya a gefe yana jan jirgi mai nauyin tan 30. Inda ƙasa ta yi tudu sai a gina wani dogon ɗaki na bulo mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi sama, a buɗe ya wuce. Da jirgin ƙasa ya zo sai kasuwarsu ta fara mutuwa, manyan motoci suka ƙarasa ta. Lokacin da gwamnati ta karɓe su a 1948, da yawa sun riga sun zama juji.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Wai hanyar da ba ta ɗaukar kaya me amfaninta? Ba gara a cike ta a yi titi ko gidaje ba? Haka ma jami'an wancan lokaci suka yi lissafi. Su kawo rahoto su ce gyara zai ci kaza, cikewa ta fi araha, magana ta mutu. Ƙungiyar masu kare hanyoyin ruwa da Robert Aickman da Tom Rolt suka kafa a 1946 ta yi ta rubuce-rubuce da tarurruka, amma ja-in-ja da mai riƙe da alƙaluma ba ya ƙarewa, kullum yana da wani rahoton a aljihu.

Abin da ya karya lagon jami'an shi ne mutane sun shiga cikin lakar da kansu. A 1968 sama da mutum 600 suka taru a hanyar Ashton da ke gefen Manchester, a ƙarshen mako guda, suka kwashe tarkace mai ɗimbin yawa. A 1972 aka sake taruwa, wannan karon kusan mutum 1,000. A 1974 aka buɗe hanyar. Tsakanin tarukan biyu ne, a 1970, Graham Palmer ya kafa rundunar 'yan sa-kai ta dindindin, wadda har yau take shirya zangon aiki na mako-mako.

Ku ɗan hango aikin da kansa. An janye ruwa daga ɗakin ɗaga jirgi, ƙasansa baƙin taɓo ne mai wari da ke kai wa mutum gwiwa, wani wurin har ƙugu. A ciki akwai keke, katifa, tayar mota, keken jarirai, fasassun kwalabe. Mutum ya sa shebur, taɓon ya riƙe masa takalmi, ya ciro ƙafa ya bar takalmin a ciki. Sama da shi wasu na jan bokiti da igiya, wasu na tura baro a kan katako mai santsi. Saiwar bishiya ta kutsa tsakanin bulo ta tsaga bango, sai an ciro bulon ɗaya bayan ɗaya, a kankare, a mayar. Ƙasan hanyar kuwa yumɓu ne da ake cuɗawa da ruwa a tattake har ya daina yoyo, dabarar da tun zamanin James Brindley, injiniyan hanyar Bridgewater, ake amfani da ita. Wanda ya ga malamin makaranta da akawu da ɗalibi sun yi wannan kyauta ranar Asabar, da wane baki zai ce wa jama'a ba mai son wurin?

Wadda ta fi burge ni ita ce hanyar Huddersfield mai ƙunci. An rufe ta a 1944, an cike wasu sassanta, an ma yi gine-gine a kai. Tana da ɗakunan ɗaga jirgi 74 da ramin Standedge mai tsawon sama da mil uku a cikin dutse, wanda ba a yi wa doki hanya a ciki ba. A da ma'aikata kwanciya suke yi a kan jirgi, su tokare bango da ƙafa suna turawa a cikin duhu har su fita. Da aka kafa ƙungiyar farfaɗo da ita a 1974, kusan kowa ya ce aikin ba mai yiwuwa ba ne. A 2001 jirage suka sake ratsa ramin.

Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, shebur bai gama aikin shi kaɗai ba. Manyan gadoji da ramuka sai da injiniyoyi da kuɗin ƙananan hukumomi da na asusun cacar ƙasa suka shigo. Hanyar Kennet da Avon, wadda Sarauniya ta buɗe a 1990, ta ci gaba da yoyo har sai da aka zuba mata fam miliyan 25 daga wannan asusu. 'Yan sa-kai sun sa kuɗin ya ji kunya ya fito ne, ba wai sun maye gurbinsa ba. Shi ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ji mai mulki yana yabon masu aikin sa-kai da baki biyu, yana yabo yana rage kasafi.

Tun 2012 wata gidauniya ce ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales, kuma nauyin bai ragu ba. Ƙofofin ɗakunan ɗaga jirgi na itacen oak ne, shekara 25 ko kusa da haka suke yi su ruɓe, kuma kowace sai an auna an sassaƙa mata tata, don ɗakunan ba girmansu ɗaya ba. Da hunturu ake yawan canza su, lokacin da jirage suka yi ƙaranci, ba sarauniya, ba 'yan jarida, ruwan kuma sanyi ƙarara.