Malam, don Allah kar ka faɗa musu wanda ya yi satar

Makon jiya 'yar ƙanwata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta kawo min littafin rubutunta wai Kawu taya ni hadda, gobe muna da gwaji. Littafin da aka sa su karanta ɗan ƙaramin labarin bincike ne, an saci kuɗi a wani gida wasu yara suna neman ɓarawo. Ina buɗewa sai ga taƙaitaccen labarin gaba ɗaya malaminsu ya kwafa musu a allo, har da sunan ɓarawon da yadda aka kama shi, alhali yarinyar nan ko babi na biyu ba ta kai ba. Wallahi raina ya ɓaci. To me kuma ya rage mata ta karanta?

Ni a ganina irin wannan littafin ba a koyar da shi kamar yadda ake koyar da tarihi ko nahawu, daɗinsa da amfaninsa duk suna cikin rashin sanin ƙarshen ne, in ka cire wannan ka bar yaro da ɓawo ka zubar da ƙwayar. Mu da muka tashi da kacici-kacici a dandali mun san haka, ba wanda zai ce ƙulin ƙulifita sannan ya faɗi amsa kafin a yi ta cankar, sai an gaji an ba shi gari tukuna.

A Amurka akwai wani littafi, The Westing Game, da Ellen Raskin ta fitar a 1978 ya kuma ci kyautar littattafan yara ta Newbery a 1979, har yau malamai na koyar da shi ga yara masu shekarun 'yan ƙaramar sakandarenmu. A cikin labarin wani attajiri ne ya bar wasiyya, aka tara magada 16 aka raba su biyu-biyu, kowace ƙungiya aka miƙa mata 'yan kalmomi a matsayin alama. Dabarar da ta fi burge ni ita ce malami ya mai da ajin kamar haka, yara su zauna biyu-biyu, kowa da takardar da yake rubuta wanda yake zargi da dalilinsa, ana gama babi a tsaya a yi gardama. Ba na'ura ake buƙata ba, alli ne da allo da haƙuri.

Kuma fa ba sai mun je Amurka aro ba. Duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya san ƙissar Annabi Yusuf (AS), inda mai shaida ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage to matar ce mai gaskiya, in ta baya ce to shi ne mai gaskiya. Ga mutum biyu kowa na faɗin nasa, ga abu a zahiri da ya raba gardamar. Da malami zai fara darasinsa daga nan yara za su gane nan take abin da ake nufi da hujja, sai ya ce to ku nemo min irin wannan rigar a cikin littafinku.

Tambaya uku kawai nake so in ji malami na yi bayan kowane babi: wa kike zargi, mene ne hujjarki, a shafi na nawa kika gani? Ta ukun nan ita ce mai aikin, don ita ke tilasta yaro ya koma ya sake karanta layin da idonsa, kuma sau da yawa sai ya tarar marubucin bai ma faɗi abin da ya zata ba. Yaron da ya miƙe ya ce Malam jiya na zargi direba amma yau na janye saboda kaza, wannan a tafa masa, ya koyi abin da manya da yawa a WhatsApp ba su iya ba, su da ake turo musu hoto ba tushe ba makama su watsa kafin su gama karantawa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ban raina uzurinsu ba, ni ma na riƙe alli. Aji cike maƙil, littafi bai fi a ƙirga da yatsu ba, ga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE na jira a ƙarshen aji uku, ga manhaja dole a gama ta kafin hutu. Amma ƙarancin littafi ai a nan ma ya zama gata, tunda ba wanda zai leƙa shafin ƙarshe a gida, malam ya karanta da ƙarfi ko ya ba yara su karɓa bi da bi, in an zo inda zuciya ke ɗar-ɗar ya rufe ya ce sai Laraba. Batun jarrabawa kuma, yaron da ya kwana biyu yana musu a kan wani ɗan wasa a labari ba zai manta sunansa ba, mai hadda ne ke mantawa. Taƙaitawar a ba su, amma a ƙarshen zango.

Akwai iyayen da ke tsoron labarin sata zai koya wa yaro sata. Ni dai abin da na gani a irin waɗannan littattafan shi ne mai ƙarya na ta kame-kame har asirinsa ya tonu, wanda aka zarga a banza kuma a wanke shi. Abin da ya fi damuna shi ne irinsu da Hausa, waɗanda aka rubuta don 'yan shekara 11 zuwa 14, sun yi ƙaranci a hannun yaranmu, marubutanmu na Kano da Zariya da Katsina ya kamata su duba wannan.

Ita kuwa 'yar tawa tunda an riga an ɓata mata wancan, sai na samo mata wani na manne shafukan ƙarshe da salatif. Yau kwana huɗu ke nan ta kafe a kan mai gadi ne, uwarta ta ce a'a matar gidan ce, jiya da daddare har yarinyar ta bugo min waya wai in buɗe shafi na 41 in ga inda ya yi ƙarya game da makulli.