Wai Za A Zuba Mana Bairos A Abinci?

Tun bayan annobar korona, akwai mutanen da da zarar sun ji kalmar "bairos" sai su toshe kunne. Yanzu da ake ta maganar amfani da sinadaran da ake cirowa daga bairos don tsare abinci, sun sake tashi, wai za a zuba mana cuta a kwano. Abin ya ishe ni.

Bairos ɗin da ake nufi ba ruwansa da ɗan Adam. Bakteriyofej ake ce masa, Frederick Twort da Félix d'Herelle suka gano shi a 1915 da 1917, kuma bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan shige ta ya hayayyafa, in lokacin fita ya yi sai ya saki wani sinadari, endolaisin, ya fasa bangonta daga ciki. Wannan sinadarin ake ɗaukowa. Furotin ne kawai, ba ya haihuwa, ba ya yaɗuwa. Shi kansa bairos ɗin ma, tun 2006 hukumar abinci ta Amurka ta yarda a fesa shi kan naman da aka sarrafa. To ina cutar?

Masu ihun ba su cewa uffan kan Listeriya, wata bakteriya mai sa cuta ta abinci, wadda ke hayayyafa har cikin firiji, wadda ta kashe mutum sama da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar wani sarrafaffen nama da ake kira poloni.

A ganina ma amfani da sinadarin wajen gano bakteriya a abinci ya fi kashe ta da shi amfani. Sinadarin yana da ɓangare biyu, ɗaya ya damƙe bangon bakteriya, ɗaya ya yanka shi. A ɗakin binciken masanin kimiyya Martin Loessner a Zurich an liƙa ɓangaren damƙar a jikin 'yan ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu. A zuba su cikin madarar gwaji, su manne wa Listeriya, a janyo su gefe guda. Tsohuwar hanyar rainon ƙwayar cuta a faranti kuwa kwanaki take ci, kafin sakamako ya fito an ci an sha an wanke hannu.

Masu cewa wannan zai maye gurbin tsafta mafarki suke yi. Bakteriya irin su Salmonela da E. coli suna da ƙarin fata a waje da ke tare sinadarin.

Hukumomi su daina jan ƙafa wajen tantancewa, kamfanoni kuma su rubuta abin da suka sa a jikin kwali.