Ku daina tozarta na ƙasa da ku a gaban jama'a

Shekaranjiya na shiga wani babban kanti a Kano sayen kayan masarufi, na tarar da manajan wurin, matashi sa'anmu, a tsakiyar layin masu biyan kuɗi yana surfa wa wani dattijo masifa. Laifinsa wai ya jera katan-katan na sabulu ba inda aka ce masa ba. Dattijon nan a haife ya haife shi, gemunsa duk furfura. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ba abin da yake cewa sai "a yi haƙuri, yallaɓai", shi kuwa gogan naka sai ƙara ɗaga murya yake yana waigen mutane, don a shaida shi ne oga.

'Yan uwana matasa, da ku nake, musamman waɗanda Allah ya ɗora a kan wata kujera. Me ya same mu ne? Da an ba mutum ɗan ofis da makullin sito, sai ya ɗauka tsawa ita ce shugabanci. A makarantu masu zaman kansu ana yi wa malami kaca-kaca a gaban ɗalibansa, sannan a ce ya koma aji yara su ji maganarsa. Ta yaya? A gareji, maigida yana zagin uwar yaron da ke koyon aiki a gaban mai mota. Yanzu har an samu sabon salo, a zauren WhatsApp na ma'aikata ake kiran sunan mutum a tozarta shi da tsakar dare, matarsa na gefe tana karantawa. Magana zarar bunu ce, kuma mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Abin haushin, irin waɗannan su ne gwanayen rubuta hikimomin shugabanci a Facebook. Ga kuma riƙe haƙƙi. Tun 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma da yawa ko rabinsa ba sa biya, sai wata ya yi nisa, kuma a hakan ake zaftare kuɗin makara. Ba ka biya shi da kyau ba, ba ka bar masa mutuncinsa ba, haba jama'a!

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. A Suratu Ali Imrana Allah ya gaya wa Annabinsa cewa da ya kasance mai kaushin hali, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da mutane sun watse daga gare shi. To kai wane ne? Wanda ka kunyata ba gyaruwa yake ba, ɓoye maka kuskure yake koya. Ran da kaya suka fara ɓacewa a sito, kowa ya sani, kai kaɗai ne ba za a gaya wa ba. Ku ja mutum gefe mana, ku sassauta harshe. Babba juji ne.

Iyayenmu na Kantin Kwari da kasuwar Kurmi ba su halarci taron bita a otal ba, amma sun iya riƙon mutane. Maigida da yaran shagonsa kwano ɗaya suke ci. In yaro ya yi ɓarna, sai an rufe shago bayan magariba a kira shi zaure a yi masa faɗa, ba mai ji. Yaron shago kuwa in ya daɗe, maigida ne zai yi masa aure, ya yanka masa jari, ya sallame shi da albarka, shi ya sa har jikoki ake zumunci. Yau mutum zai shekara biyar yana bauta, sai ya wayi gari ya ga saƙo a waya wai kada ya zo aiki gobe.