Wanda Ya Gwada Da Kansa, Ina Iyakar Shaidarsa?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a kafafen sada zumunta, kuma ta daɗe tana damuna. Mutum ɗaya ne zai wayi gari yana yanke hukunci kan maganin hawan jini, da rana ya koma masanin sararin samaniya, da yamma ya zama bakanike, kafin ya kwanta kuma ya gaya maka wayar da ta dace ka saya. Ban hana kowa faɗin ra'ayinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a auna duk waɗannan zantuka da mudu ɗaya, wato "ai ni na gwada, ya yi mini".

A harkar sayayya wannan magana tana da nauyi. Wanda ya yi wata shida da waya ya san ko batirinta na saurin mutuwa. Matsalar a nan ita ce ko mai sharhin ya taɓa riƙe kayan ma. Abin ya kai a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta saye da sayar da sharhin bogi.

Da an zo kan mota sai shaidar ta fara rauni. Direba ya san shan mai, ya san birki, ya san ƙarar inji. To amma a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya saka wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, wadda ke gane lokacin da ake yi wa motar gwaji sai ta rage hayaƙi mai guba, idan an hau titi kuma ta sake shi. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Cikin masu su wa ya ji wani abu a sitiyari? Haka jakar iska mai kare mutum lokacin hatsarin mota, ta kamfanin Takata: sinadarin da ke hura ta yana lalacewa saboda zafi da laima, ranar da aka yi karo sai ta fashe ta watsa ɓaraguzan ƙarfe. Mutum na iya shekara goma yana yabon motarsa tsakaninsa da Allah, alhali bai san me ke gabansa ba.

A kimiyya kuwa, gaggawa ce cutar. A 2011 masu bincike a Italiya sun ga kamar wasu ƙwayoyin zarra sun fi haske gudu. Su da kansu suka roƙi a duba aikinsu, amma masu yaɗa labari tuni sun binne Einstein, masanin kimiyyar da ya ce ba abin da ya fi haske gudu. A 2012 aka gano wata wayar haɗi ce a na'urar awonsu ba ta zauna daidai ba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne lafiya, domin a nan kuskure rai yake ci. Cututtuka da yawa, kamar mura, da kansu suke warkewa, sai a ba wa abin da aka sha a ƙarshe lada. A 2020 an cika duniya da yabon hydroxychloroquine, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, kan cutar korona, kowa da labarin wani da ya sha ya miƙe. Da masanan jami'ar Oxford suka gwada shi kan dubban majinyata, suka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, sai aka ga bai rage mace-mace ba. A wannan gwajin dai, dexamethasone, tsohon magani mai araha da ba wanda ke yi wa talla, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku a cikin waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi. Majinyaci ɗaya, komai gaskiyarsa, ba shi da hanyar gano wannan, don bai san yadda zai kasance ba da a ce bai sha ba.

Kuma ƙarya kan lafiya ba ta mutuwa da wuri. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike kan yara 12 kacal a mujallar likitanci ta Lancet, yana danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Bincike kan dubban ɗaruruwan yara bai gano wata alaƙa ba. Duk da haka har yau akwai iyayen da ke ƙin kai 'ya'yansu rigakafi saboda wannan zance, ƙyanda kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da a da suka shawo kanta.