Sukari a sararin samaniya: mu rage zumuɗi

A shekarar 2012, masanin taurari Jes Jørgensen da abokan aikinsa suka sanar da cewa sun gano sinadarin gilaikolaldehaid a cikin iskar gas da ke kewaye da wani jaririn tauraro mai lamba IRAS 16293-2422, wanda haskensa ke yin kimanin shekara 400 kafin ya iso mana. Nan take kanun labarai suka ɗauka: an ga sukari a sama, saura kaɗan a ga halittu. Sinadarin nan dangin sukari ne na nesa, ƙwayoyin zarra takwas kacal gare shi, ba wanda zai zuba shi a koko. A ganina irin wannan kanu tauye labarin yake yi, domin abin da ke ƙasa ya fi shi armashi.

Tauraro a cikin sanyi ake haifarsa. Gizagizan gas da ƙura da ke tsakanin taurari sanyinsu kan kai digiri 263 ƙasa da sifili. A irin wannan hali, kabon monoksaid, iskar nan ta hayaƙin janareto da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki, daskarewa take yi a jikin ƙwayoyin ƙura da ba su kai na hunturu girma ba. Sai ƙwayoyin haidurojin su riƙa sauka kanta ɗaya bayan ɗaya har ta rikiɗe ta zama metanol. Ruwa ma a nan yake haɗuwa, ya lulluɓe ƙurar da ƙanƙara. Ana ɗaukar dubban ɗaruruwan shekaru ana wannan aiki a cikin duhu.

Daga baya nauyin girgijen ya rinjaye shi, ya fara rufzawa cikin kansa. Gas ɗin da ke faɗawa tsakiya yana matsuwa yana ɗaukar zafi, tun kafin wutar tauraron ta ainihi ta kama. Abin dariyar shi ne, da girgijen ba ya iya fitar da zafin nan da bai rufza ba, kuma hasken da sinadaran ke fitarwa wajen hucewa shi ne masana ke kamawa da faya-fayen na'urar hangen sama ta ALMA guda 66 da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile, a tudu mai tsayin mita 5,000.

Duk wanda ya taɓa kallon mace tana sa turaren wuta ya san sauran. An haɗa turaren tuntuni, yana kwalba a rufe, ɗaki shiru. Sai an barbaɗa shi a kan garwashin kasko ƙamshi ya tashi. Da zafin da ke kusa da jaririn tauraro ya kai wajen digiri 173 ƙasa da sifili, ƙanƙarar ba ta tsayawa narkewa, tururi take zama kai-tsaye, ta saki duk abin da ta ɓoye. Ɗumin kan ƙara haɗa wasu sinadaran a hanya, amma yawancin girkin sanyi ne ya yi shi.

Tauraron V883 Orionis ya nuna wannan ƙiri-ƙiri. Ya haɗiyi gas mai yawa a lokaci guda, ya yi wani irin haske da ya kori iyakar ƙanƙara, wato inda ruwa ke fara daskarewa a kewayen tauraro, har nisan da ya ninka tazarar duniya da rana sau 40, alhali a tauraro irin ranarmu ba ta cika wuce ninki uku ba. An ɗauki hoton wannan iyaka a 2016. A 2023 aka auna ruwan da ya ƙafe a wurin, aka tarar yanayinsa ya yi daidai da na taurari masu wutsiya da ke zagaya ranarmu. Tun a 2014 masaniyar taurari Ilse Cleeves da tawagarta suka ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan tekunanmu ya girmi rana, ita da ta shekara biliyan 4.6. Wato wani ɓangare na ruwan da ke cikin randarka ya riga rana zuwa. Wannan bai isa kanun labari ba?

Na san za a ce zuzutawar ba ta cutar da kowa, kuma na'urar ALMA da ta lashe dala biliyan 1.4 dole ta ja hankalin masu biyan haraji. Gaskiya ne, sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai wani sinadari, metil kulorayid, wanda a duniyarmu tsirrai da naman gwari da masana'antu ke fitarwa, har wasu masana suka ba da shawarar a ɗauke shi alamar rayuwa idan an gan shi a wata duniyar. A 2017 aka same shi a gas ɗin IRAS 16293-2422 ɗin nan dai, inda ko duniya ɗaya ba ta gama haɗuwa ba. Kumbon Rosetta na Turai ma ya shaƙo shi a jikin tauraro mai wutsiya 67P, dunƙulen ƙanƙara da ƙura da ko ciyawa ba ta taɓa tsirowa a kansa ba.