Dokar 'Yantattun Bayi Ta Zama Bulalar Dukan Jikokinsu

Dala dubu 20 kacal gidauniyar Fearless da ke birnin Atlanta na Amurka take bai wa baƙaƙen fata mata masu ƙananan sana'o'i, amma abin ya tsone wa Edward Blum ido, ɗan fafutukar da ke yaƙi da duk wani shiri mai la'akari da launin fata. Ƙungiyarsa ta maka gidauniyar a kotu a watan Agustan 2023 bisa zargin nuna wariya ga waɗanda ba baƙaƙe ba, kimanin wata ɗaya bayan ya yi nasara a kan jami'ar Harvard a Kotun Ƙoli, inda aka hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da tallafin a Yunin 2024, zuwa Satumba masu shirin suka haƙura suka rufe shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar da aka fake da ita. Ta 1866 ce, wadda aka kafa bayan yaƙin basasar Amurka domin bayin da aka 'yanta su ƙulla ciniki kamar kowa. Yau jikokinsu ake zanewa da ita.

Magoya bayan Blum suna cewa doka ba ta kallon launin fata. To, ai banki yana kallo. Jarin da masu zuba kuɗi a sababbin kamfanoni ke bai wa baƙaƙen mata bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ban ji mutumin ya kai kowa ƙara a kan haka ba.

A duba Detroit. Da manyan kantunan abinci suka yi ta ficewa daga birnin, mutanen unguwa ne suka tashi. Malik Yakini da abokansa suka kafa ƙungiyar wadata baƙaƙe da abinci a 2006, suka nome eka bakwai a dandalin Rouge, gonar da ake kira D-Town, yara suna koyon shuka da haɗa taki. Sai a 2024 suka iya buɗe kantin haɗin gwiwa, bayan shekara da shekaru ana tara kuɗi. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da lauyoyin da za su ja da Blum, wasiƙar barazana ɗaya ta isa ta firgita mai ba su tallafi.

Su kuwa kamfanonin da suka cika duniya da alkawura bayan ɗan sanda ya kashe baƙar fatan nan George Floyd a 2020, tuni suka fara zamewa. Katafaren kamfanin kantuna na Walmart da ya ware dala miliyan 100 ga cibiyarsa ta daidaiton launin fata, a ƙarshen 2024 ya ce ba zai sabunta ba. Ashe da ma tallar haja ce.

Gara ƙungiyoyin su koma ga coci da masallaci da karo-karon 'yan unguwa. Kuɗin ba yawa, amma Blum bai san inda zai aika sammaci ba.