Finale ta tafi, mu kuma muna nan muna jan alamomin kiɗa da linzami

Tun da kamfanin MakeMusic ya sanar a watan Agustan 2024 cewa ya daina sayar da Finale, manhajar rubuta kiɗa da ta fito tun 1988, shawara ɗaya ce ke yawo tsakanin 'yan tsirarun da ke wannan sana'a a Zariya. Wai kowa ya tattara ya koma wata manhajar mai suna Dorico, tunda an yi wa masu Finale rangwame zuwa dala 149, ko kuwa ya sauke manhajar MuseScore kyauta, shi ke nan an huta. Masu shirya wa mawaƙan majami'u takardu a Wusasa da Sabon Gari suna faɗa, masu rubuta wa 'yan badujala ma haka. Shawarar nan tana ba ni haushi, don gudu ne da ba a tsira ba.

Duk wanda ya taɓa ɗora waƙar Hausa a kan layukan nan biyar na rubutun kiɗa ya san inda lokacinsa ke tafiya. Shigar da alamomin sauti ba ya ɗaukar komai. Wahalar tana wajen zama da linzamin kwamfuta, ana tura wannan alama hagu kaɗan, waccan dama kaɗan, har shafin ya yi kama da abin da kunne ke ji. To wannan gumin ne ya bi Finale. Idan ka fitar da aikinka ta MusicXML, wato tsarin fayil ɗin da manhajojin kiɗa ke musayar aiki da shi, ka buɗe a wata manhajar, sautuka da baitoci za su biyo ka, amma sabuwar manhajar za ta sake raba tazara da nata lissafin, yawancin gyaran hannunka ya tafi. Sai kuma a ce maganin shi ne a sami sabon wurin ja.

Ba wanda ke tambayar abin da ya sa muke jan tun farko. Manhajojin nan sun gaji ƙa'idar masu buga takardun kiɗa na Turai ne, waɗanda ba sa ba sauti mai tsawo biyu fili biyu. A LilyPond, wata manhajar rubuta kiɗa, lissafin a buɗe yake: gajeren sautin da ya fi yawa a waƙar yana samun 2.4 na faɗin da ke tsakanin layi da layi, kuma duk lokacin da tsawon sauti ya ninka sai a ƙara masa 1.2 kawai. Wato 2.4, sai 3.6, sai 4.8. Abin da kunne ya ji a matsayin biyu da ɗaya, ido zai gan shi uku da biyu. Ga Bature mai karanta kiɗan fiyano hakan daidai ne, takarda ta yi kyau kuma ba a ɓata shafi.

Mu kuwa waƙarmu a kan gaɓa take tsaye, doguwa da gajeriya, kuma a awon waƙa doguwa ɗaya tana cin gurbin gajeru biyu. Rubutun boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. Ɗauki gaɓar farko ta “nama”, doguwa ce amma haruffa biyu gare ta. Gaɓar farko ta “ƙwarai” gajeriya ce, haruffanta uku. Manhaja ba ta yarda kalmomi su hau kan juna, don haka a matsattsen layi sai ta buɗa wa gajeriyar gaɓa fili saboda faɗin haruffanta, doguwar kuma ta zauna a takure. Mawaƙin da bai ƙware da karatun alamomi ba, kuma irinsa ne suka fi yawa a nan inda aka saba da do-re-mi, tazara yake bi da ido. Takardar ta ce masa ya ja inda ya kamata ya datse. Sai malamin mawaƙa ya yi ta faɗa da yara a kan laifin da ba nasu ba.

A wajen kiɗa abin ya fi muni. Mai son rubuta yadda kalangu ke zuba bugu uku a kan biyu na ganga, ko yadda algaita ke ratsawa a kiɗan fada, yana bukatar shafin da kowane taƙi ɗaya yake daidai da lokaci ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshe. Ba don ado ba, don mai nazari ya ga inda makaɗi ya riga bugu da inda ya jinkirta.

Masu cewa a bar manhaja yadda ta zo don masana ne suka tsara ta, ba su taɓa tsayawa gaban mawaƙa talatin da takardar da ke yi musu ƙarya ba. Masu cewa ai Dorico da MuseScore ma suna bari a canza ma'aunin tazara, gaskiya ne, sai dai ma'aunin bai san doguwar gaɓa da gajeriya ba. Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne masu alfahari da jan hannu, wai shi ne gwaninta. Tela ne da ya ƙi gyara awonsa, ya gwammace ya farke kowace riga bayan ɗinki. Ƙara baiti ɗaya ko rage girman takarda, layuka su sake karyewa, gwanintar ta watse.

Hanyar da nake gani ita ce a rubuta ƙa'idar a matsayin umarni. LilyPond, wadda Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen suka fara a 1996, kyauta ce, kuma aikinta duka rubutu ne zalla da kowace tsohuwar kwamfuta za ta buɗe. 'Yan layukan umarni kaɗan suna mayar da tazara ta bi tsawon lokaci sak. Kana iya raba waƙa kashi-kashi, kowane da tazararsa, amshi daban, baiti daban. Kuma da yake tana karɓar harshen rubuta manhaja mai suna Scheme, mutum zai iya rubuta ɗan aikin da zai duba kowace alama ya yanke mata gurbinta, alal misali ya hana faɗin haruffa ture gajeriyar gaɓa, ko ya rage girman rubutun a wurin. Sau ɗaya za a rubuta, waƙoƙi ɗari su amfana, kuma ba kamfanin da zai wayi gari ya rufe shi. Na san tana da wuyar koyo, kuma mai son ganin sakamako nan take zai tsane ta a makon farko. Wuyar mako ɗaya ce.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello bai rasa masu yi ba. A Samaru akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke neman batun kundin kammala karatu, akwai kuma masana awon waƙa a sashen harsunan Afirka. Ɗalibi ɗaya daga nan, ɗaya daga can, da malamin mawaƙa guda daga Wusasa da zai gwada musu takardar a bakin mawaƙansa, sun isa su fitar da fayil ɗin farko a zangon karatu ɗaya.